Akwatin Muryoyi da Ƙafar Tela

Mijin yayata tela ne, kuma in za a faɗi gaskiya, duk layinmu babu mai hannunsa. Wandon da ya ɗinka maka sai ka gaji da shi ka bayar, ɗinkin bai motsa ba. Abin haushin shi ne wannan yabo ba ya burge shi ko kaɗan. A ganinsa ɗinki lalura ce kawai, kiɗan jita ne sana'arsa ta gaskiya, duniya ce ba ta farga ba tukuna. Har fenti ya sa ya rubuta a jikin jitar: Sarkin Tsirkiya. Mu dai Tela muke ce masa, yana amsawa yana ɓata rai.

Mu huɗu ne a ƙungiyar. Kawu, ƙanen mahaifiyata, shi ke waƙa kuma shi ne shugaba. Dogo yana riƙe da jitar bes, mai kaurin muryar nan. Ni ina kan ganguna. Tela yana kan jita, kuma ba laifi, yana iya raka waƙa in bai tuna cewa shi gwani ba ne. Kayanmu duk tsofaffi ne, musamman amfilifaya, wato akwatin nan mai lasifika da ke ƙara wa jita murya. Tamu baƙa ce, ta sha duniya, kuma nauyinta sai wanda ya ɗauka. Duk inda aka gayyace mu sai mun loda ta a mota mun sauke, mun sake lodawa mun sake saukewa. A haka bayan Kawu ya lalace, har ta kai in zai ɗaura takalmi sai ya nemi bango ya dafa.

Ana nan sai aka buɗe sabon zauren taro a ƙarshen babban titi. Manajar wurin, wata mace mai tabarau wadda ba ta dariya sai da dalili, ta ce tana neman ƙungiya ɗaya da za ta riƙa kiɗa duk ƙarshen mako. Ƙungiya biyu za ta gwada, mu da wasu, ranar da wani kamfani zai yi wa ma'aikatansa liyafar rana a wurin. Abin da ya tsaya wa Kawu a rai shi ne wani ɗan ɗaki mai makulli a bayan dandamali, inda makaɗan gidan za su riƙa barin kayansu. Ba lodi, ba saukewa. Da ya leƙa ɗakin ya dawo, wallahi sai da idonsa ya kawo ruwa.

"Ku taimake ni," in ji shi. "Bayan nan nawa ya gama aiki. Mu yi kiɗan da muka saba, kada kowa ya yi wayo."

Da ya ce "kowa", Tela yake kallo.

Ba a yi nisa ba Tela ya aiko a kira ni shago. Na tarar ya ture yadudduka gefe, ya ɗora wani abu a kan teburin yanka ya lulluɓe shi da mayafi. Mai aski na maƙwabta yana leƙowa, mai kemis ma ya baro kantinsa ya zo ganin ido.

"Ƙanena," in ji Tela, "ka yi wa tsohuwar rayuwarka ban kwana."

Ya yaye mayafin. Wani faffaɗan ƙarfe ne baƙi, da jerin maɓallai da ake takawa da ƙafa, da ɗan gilashi mai haske a tsakiya, a gefe kuma feda guda mai lilo gaba da baya.

"Mene ne wannan, Yaya? Sikeli?"

"Sikelin gidanku. Wannan na'urar kwaikwayon sauti ce. Duk wata amfilifaya da aka taɓa ƙerawa a duniya, an ɗauki muryarta an zuba a nan. Ka taka nan, ka zama kana kiɗa a kogon dutse. Ka taka nan, ka zama kana filin wasa gaban dubban mutane. Mu huɗu za mu hau dandamali, Manaja ta ji kamar mu arba'in ne."

"To ta san za ta ciyar da arba'in ɗin?" in ji mai kemis.

Tela bai kula shi ba. Na tambaye shi wa ya koya masa aiki da ita, ya ce ya kalli bidiyo a waya.

"Har ƙarshe?"

"Rabin farko ne ilimi. Sauran surutu ne."

Ya sa muka kinkimo amfilifayar daga gidan Kawu. Ya ce ƙananan makaɗa waya biyu suke haɗawa, manya kuma huɗu: daga jita zuwa sabon akwatin nan nasa, daga akwati zuwa gaban amfilifaya, daga bayanta a dawo akwati, daga akwati a sake komawa bayanta. Yana faɗa yana cusa wayoyin a ramuka, duk ramin da ya fi kusa da hannunsa nan waya take shiga. Ya gama ya karkaɗe hannu ya kunna.

Kukan da ya fito ban taɓa jin irinsa ba. Siriri ne, mai tsini, yana shiga ta kunne ya fita ta haƙori. Mai kemis ya tsinci kansa a tsakiyar titi bai san lokacin da ya fita ba. Daga shagon aski muka ji salati, sai ga mai aski ya fito da injin a hannu, bayansa wani mutum da tawul a wuya, an share masa hanya fes tun daga ƙeya har goshi.

"Wa zai gyara wannan?" in ji mutumin, yana nuna kansa.

"Gaisuwa ce," in ji Tela bayan ya kashe. "Na'urar tana gaisawa da amfilifaya. Duk wanda ya san harkar ya san haka."

"To ka ce mata mun amsa," in ji mai aski. "Kada ta sake gaishe mu."

Tela ya sauya wayoyi biyu ya sake kunnawa. Wannan karon babu kuka, sai wata murya can ƙasa-ƙasa daga cikin lasifika, tana bayanin cewa gobe za a yi hadari a wasu wurare. Muka dubi juna. Tashar rediyo abin ya kamo.

"Kun gani?" in ji Tela, ko kunya babu. "Har labarai take bayarwa. Ni ma mai sayarwar bai gaya mini wannan ba."

Da yamma maƙwabta suka kai ƙara wurin yayata, domin sun san nan ne kotun ƙoli. Ta saurare su tsaf, ta juya ta dubi mijinta.

"Maigida, na ji an ce akwai abin sawa a kunne da ake haɗawa da ita, mutum ya ji shi kaɗai."

"Akwai, amma fasaha ba ta son a ɓoye ta."

"Wannan za ta so."

Daga ranar Tela ya koma kiɗan kurame. Sai ka shigo shago ka same shi zaune a gaban keken ɗinki, jita a cinya, abin kunne ya rufe masa kai, ido a lumshe, yana jijjiga kamar wanda ake yi wa albishir. Kai kuma abin da kake ji kawai ƙyas-ƙyas ɗin tsirkiya. Masu ɗinki su zo su tsaya su yi sallama su gaji su tafi. A haka ya shirya muryoyinsa ɗaya bayan ɗaya, kowacce ya raɗa mata suna a ɗan gilashin: Zaki, Kogo, Yayyafi, Jirgin Sama. Ko ɗaya bai taɓa jin ta ta cikin amfilifaya ba.

Wata rana ina zaune ina jiran ya cire abin kunnen, sai na lura keken ɗinkin yana gudu. Babu yadi a kai, allura tana ta sukar iska. Na leƙa ƙarƙashin tebur. Ƙafarsa ce a kan fedar keken, tana ta aikinta. Ya tsayar da hannu don ya murɗa wani abu, ƙafa ta tsaya. Ya koma kaɗawa, ƙafa ta ɗauka. Tun yana saurayi, duk sanda ya zauna hannuwansa suka kama aiki, ƙafar nan takawa take yi, ba ta neman izinin kowa.

Na taɓa shi na nuna masa.

"Yaya, ka san ƙafarka tana ɗinki kana kiɗa?"

Ya duba, ya yi murmushi irin na wanda aka gano arzikinsa.

"Baiwa ke nan. Ka ga fedar jikin na'urar nan? Wasu sai sun shekara suna koyon taka ta. Ni da ita aka haife ni. Waɗanda suka ƙera ta, da sun san ni, da hotona za su sa a kwali."

Ranar gwaji a garejin Kawu, da ƙyar aka samu wayoyin suka zauna lafiya, don Dogo ya dage a koma biyu irin na ƙananan makaɗa. Tela ya tsaya a gaban akwatinsa, ya ce a fara. Muka ɗauki waƙar farko, mai sanyi. Ya taka Yayyafi. Shiru. Hannunsa na tafiya, ba a jin komai.

"Ka shigo mana," in ji Kawu.

"Ai na shigo tun ɗazu. Sautin ne mai ladabi."

"To ya ɗan rage ladabin."

Tela ya ƙure maɓallin amfilifaya, Yayyafi ya fito daidai. Muka kai tsakiyar waƙa, sai ya taka Zaki. Abin da bai sani ba, a cikin abin kunne duk muryoyin suna kama da juna wajen ƙarfi, amma a lasifika Zaki ya ninka Yayyafi ba adadi. Ƙura ta zubo daga rufi. Gwangwanayen fenti da ke kan kanta suka fara tafiya da kansu. Sandar kiɗa ta kuɓuce mini, Kawu kuwa ya zabura har bayansa ya amsa, ya daɗe a dafe da bango.

Da ya samu numfashi ya ce a gwada wata. Tela ya taka Kogo. Wannan kuwa duk abin da ya kaɗa sai ya dawo, ya sake dawowa, ya sake dawowa. Muka gama waƙa muka ajiye hannu, jita tana nan tana ci gaba ita kaɗai. Muka tsaya muna jiranta kamar baƙon da ya ƙi yin sallama.

"Tela," in ji Kawu a hankali, "a cikin muryoyin nan na duniya, babu wadda ta yi kama da jita?"

Tela ya sunkuya ya yi ta murɗe-murɗe yana gunaguni. Can sai wani sauti ya fito, mai tsabta, mai daɗi, irin wanda muka saba.

"Yawwa," in ji Kawu. "Wannan fa? Me ake ce mata?"

Tela ya karanta gilashin, ya ɗan yi tari.

"Kwaikwayon wata tsohuwar amfilifaya ce."

"Wace iri?"

"Irin... irin wannan taka."

Kawu ya dubi amfilifayarsa, ya dubi akwatin, ya sake duban amfilifayar.

"Wato ka kawo na'ura ta kwaikwayi abin da ke tsaye a gabanta."

"Amma ta hanyar zamani, Kawu."

Aka yi yarjejeniya. Ranar liyafa Tela zai tsaya a kan wannan murya ɗaya, ba Zaki, ba Kogo, kuma ba ruwansa da feda. Ya ɗaga hannu ya yi alkawari. Muka sake bin waƙoƙin yana tsaye a kan ƙafafunsa biyu, komai ya tafi sumul, har Kawu ya yi murmushi. Ni ma na saki jiki, ban kawo komai a raina ba, tunda ƙafar da ke ɗauke da mutum ba ta da sukunin yin ɗinki.

Don ya wanke kansa, Tela ya ɗinka mana riguna iri ɗaya, shuɗi mai duhu da siririn aiki a wuya. Kai, rigunan sun yi kyau. Dogo da bai taɓa samun rigar da ta kai masa wuyan hannu ba, sai juyi yake a gaban madubi.

Ranar ta zo. Zaure ya cika da ma'aikatan kamfani, kowa da faranti a gabansa, manyansu a teburin gaba. Manaja tana tsaye a gefe ta harɗe hannu. Ɗaya ƙungiyar ce ta fara, su uku, suka yi kiɗansu ba yabo ba fallasa, aka tafa musu da hannu ɗaya ana cin abinci da ɗayan. Kawu ya raɗa mini cewa in dai wannan ne, ɗakin nan namu ne.

Muna hawa dandamali sai na ga Tela yana jawo kujera.

"Yaya, me za ka yi da kujera?"

"Manyan gwanaye a zaune suke kiɗa. Tsayuwa ta masu neman suna ce."

"Ka tashi, don Allah. Ƙafarka."

"Ƙafata ta san alkawarin da na yi."

Ashe akwai abin da bai gaya wa kowa ba. Bayan gwajin gareji ya koma shago ya saita fedar ta yadda in an danna ta gaba, muryar jita za ta haura can sama siririya, in an dawo da ita baya ta sauko. Wai ajiya ya yi, ko da za a roƙe shi ya nuna bajinta a ƙarshe. Ban samu damar ƙara magana ba, Kawu ya riga ya gaida jama'a ya ba ni alama. Na buga sanduna muka shiga.

Layin farko lafiya lau. Kawu ya buɗe murya, kuma ranar muryar tana nan, har wata mata a teburin gaba ta ajiye cokali. Ina kiɗa ina satar kallon ƙasa. Sai na ga ƙafar dama ta Tela ta ɗaga a hankali, ta lalubo, ta samu feda, ta gyara zama a kai kamar ta dawo gida.

Wiiii-wuuu. Wiiii-wuuu.

Jiniyar motar asibiti sak. Mutane suka fara waige-waige wajen ƙofa. Wani mai ƙiba ya miƙe da makulli a hannu yana cewa bari ya gyara fakin, kada ya tare hanya. Ta taga na hango mai gadi ya ruga ya wangale get, ya tsaya yana leƙen titi.

Kawu, bawan Allah, ya yi ƙoƙarin bin jitar. Ta hau ya hau, ta sauko ya sauko, ta sake hawa ya bi ta har jijiyar wuyansa ta fito. A hawa na gaba ya haƙura ya tsaya a ƙasa yana jiran ta dawo ta same shi.

Shi ma Tela ya ji abin. Ya ɗaure fuska, ya tsayar da hannu ya kasa kunne. Ƙafa ta tsaya, jiniya ta ɗauke. Ya gyaɗa kai ya ci gaba, jiniya ta dawo. Ya sake tsayawa, shiru. Sai ya juya ya harari amfilifaya.

"Tsohuwar nan ce," ya ce da ni, yana nuna ta da haɓa. "Ba ta iya ɗaukar ilimin da ake ba ta."

"Ƙafarka ce, Yaya."

"Ka kula da gangarka."

Ya miƙa hannu ya ƙara wa amfilifaya wuta, wai don ta warware. Da abin ya ƙi, sai ya manta da alkawari, ya kai ƙafar hagu ya taka Kogo. Jiniya ɗaya ta zama ayari. Wata na hawa wata na sauka, wata na tahowa daga nesa. Wani daga cikin manyan kamfanin ya kira ma'aikacin zauren yana tambaya ko gobara ce, a faɗa musu gaskiya.

Abin da ya fi ba ni haushi, ƙafar nan ba ta kuskure. Tafiyarta daidai, ba gaggawa ba jinkiri, ta fi ni riƙe lokaci. Ban ankara ba na tsinci kaina ina bin ta da ganga. Dogo ma ya biyo mu. Kawu ya waiwayo ya dube mu da idon da har yau in na tuna sai na ji kunya.

Ya yanke waƙar a tsakiya ya ɗauko mai sauri, ko hayaniyar ganguna za ta rufe abin. Kuskure ne babba, don duk tela ya san abin da ake yi in aiki na sauri ne. Ƙafar hagu ta baro maɓallai ta hau feda ta samu 'yar'uwarta, ɗaya a gaba ɗaya a baya. Tela ya sunkuyar da kai, kafaɗu suka ɗauki rawa, ya shiga ɗinki gadan-gadan.

Dogo ya matso yana kiɗa, ya sa ƙaton takalminsa zai danne ƙafafun. Tela ya goce, takalmin Dogo ya sauka a kan Zaki.

Ban san yadda zan kwatanta ba. Kofuna suka yi ta kaɗawa a kan tebura. Mai rabon abin sha ya saki tire. Matar da ta ajiye cokali ɗazu ta toshe kunne da hannu biyu, jakarta a hammata, tana neman hanyar fita. Shi kuwa gogan ya ɗauka lokacin bajintar ne ya zo da kansa, ya lumshe ido ya ɗaga haɓa sama.

Kawu ya ajiye makirfo. Ya taka a hankali, hannu ɗaya a ƙugu, ya je bango, ya dafa, ya sunkuya da ƙyar ya zare wayar wuta.

Zaure ya yi tsit. A cikin shirun nan abu biyu kawai ake ji: ƙyas-ƙyas ɗin tsirkiya, da ƙwas-ƙwas, ƙwas-ƙwas ɗin feda. Tela bai buɗe ido ba, bai san an ɗauke shi ba. Jama'a duk suka zuba wa ƙafafunsa ido. Sai wata dattijuwa daga teburin baya ta ce, da muryar da kowa ya ji:

"Allah sarki. Haka keken mahaifiyata yake yi."

Dariyar da ta ɓarke ita ta farkar da shi. Ya buɗe ido ya ga mutane na riƙe ciki, wasu na share hawaye, wani na dukan tebur. Ya miƙe tsaye ya rusuna musu.

"Ka gani?" ya raɗa mini. "Sun kasa zama."

Ba a ɓata lokaci wajen yanke hukunci ba. Muna naɗe wayoyi muka ga Manaja ta miƙa wa shugaban ɗaya ƙungiyar makullin ɗan ɗakin. Suka tura kayansu ciki, suka ja ƙofa, suka fito hannu a aljihu. Kawu ya kalli wannan har suka gama. Ya ce mu fara kai kaya mota.

A bakin mota Tela yana ta bayani, ko waya ɗaya bai ɗauka ba. Wai wutar zauren ce ba ta da tsabta. Wai kuma da an bar shi ya haɗa waya huɗu irin ta manya, da ba a ga haka ba. Ni dai na ƙudurta in ya ƙara kalma ɗaya zan manta cewa mijin yayata ne.

Sai ga Manaja ta nufo mu. Kawu ya gyara tsayuwa, na ga fuskarsa ta ɗan yi haske, ko an sake shawara.

"Sannu, Baba," ta ce masa. "Muryarka tana da daɗi, inda aka bari aka ji ta." Ta kai hannu ta taɓa wuyan rigar Dogo, ta juya shi ta duba cikin ɗinkin. "Wa ya yi muku rigunan nan?"

Muka nuna Tela.

"Na yi zato," in ji ta. "Ina son a yi wa makaɗan gidan nan irinsu, kowa kala biyu. In sun yi kyau, akwai rigunan masu rabon abinci da labulen dandamali. Za ka iya?"

Kafin ta rufe baki Tela ya zaro tef daga aljihu. Ashe ko dandamali da shi ya hau. Aka kira mutanen nan uku, ya jera su a inuwa ya shiga aunawa. Ina jin sa yana gaya wa mai jitarsu, tef zagaye da ƙirjin mutumin, cewa kiɗansa ba laifi amma da sauran gyara, in ya zo karɓar riga zai nuna masa wasu sirrika.

Saura amfilifaya. Ni da Dogo muna can muna fama da ganguna, kafin mu juyo Kawu ya riga ya rungume ta. Ya ɗaga, ya yi taku biyu, ya dire ta a ƙasa, ya tsaya a sunkuye hannu a kan gwiwa.

"Kawu, ka gani ko?" Tela ya ɗago murya daga inuwa. "Na shigar da mu gidan nan. Duk mako sai an ga aikina a kan dandamalin can."

Kawu ya ɗago a hankali. Ya dube shi.

"Na gani," in ji shi. "In ka gama da su ka zo ka auna ni. Ɗamarar baya nake so, mai faɗi, mai ƙarfi. Da sauran ɗauka a gabana."

Tela ya taho da tef ɗinsa, ya zagaya ƙugun Kawu, ya matse, ya duba, ya ɗan ja baya yana nazari.

"Za a sa mata aiki a gaba," ya tambaya, "ko a bar ta haka?"